Da-na-sani ƙeya ce: Wasannin da masoya waƙa a Gyallesu ke cizon yatsa a kan su

IDAN dare ya yi a Gyallesu, bayan an idar da sallar Isha'i, majalisu kan cika. Wasu a teburin mai shayi, wasu a kan benci ƙofar shagon mai cajin waya, wasu kuma a kan tabarma a ƙofar gida. Hirar dai ta kullum ce: siyasa, ƙwallon Turai, tsadar masara, sai kuma fim. To amma akwai wata hira da in ta ɓarke ba ta saurin mutuwa, kuma abin da ke tada ta bai wuce wani ya danna wayar sa muryar Shata ta fito ba. Nan take majalisa za ta dare gida biyu, waɗanda su ka ga Shata da idon su, da waɗanda sai dai labari.

'Yan kashin farko ba su da yawa yanzu, kuma duk furfura ta kama su. In su na magana kowa shiru ya ke yi. Yaro ya ce, "Baba, wai da gaske haka ya ke?" Dattijo ya girgiza kai ya ce, "Kai dai bari, yaro!" Samarin da aka haifa bayan rasuwar mawaƙin ba su da wani abin damuwa, don ba laifin su ba ne. Masu jin abin a rai su ne na tsakiya, mutanen da ke da wayon su da ƙarfin su a lokacin, su ka ji shelar wasa da kunnen su, wasu ma har da kuɗin mota a aljihu, amma su ka ce sai wani jiƙon. Wannan jiƙon ne har yau bai zo ba.

Gyallesu, wadda ke yankin Tudun Wadar Zariya, unguwa ce da labari ba ya wuce ta. Ga harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello a kusa, ga makarantar nan da kowa ya sani da FCE, don haka ɗalibai da malamai da 'yan kasuwa daga sassan Arewa daban-daban sun daɗe su na cuɗanya a cikin ta. In za a yi wasa a Sabon Gari ko Samaru, ko ma Kaduna da Kano, sai an ji a nan. Shi ya sa mai cewa bai sani ba ya ke da wuyar samu. Yawanci sun sani, zuwan ne ba su yi ba.

Shata: kusa ta yi masu yawa

Sunan da ya fi fitowa a wannan hira shi ne na Alhaji (Dakta) Mamman Shata Katsina. An haife shi a Musawa a 1923, ya kuma yi zaman sa a Funtuwa, wadda tsakanin ta da Zariya tafiya ce ta kamar awa ɗaya a mota. Saboda haka Zazzau kusan gida ce a wurin sa. Sarakai da attajirai da direbobi da 'yan kasuwa duk mutanen sa ne, kuma bikin su ko naɗin su ba ya cika sai an ji kalangun sa. A 1988 ma a Zariya aka karrama shi, lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta.

Wannan kusancin ne ya yaudari mutane da yawa. Shata ya haura shekara hamsin ya na waƙa. Mutum ya taso ya tarar mahaifin sa na sauraren sa, shi ma ya girma ya yi aure ana sauraren sa, sai ya ɗauka mawaƙin kamar Dutsen Kufena ne, kullum ka waiga ya na nan. In an ce Shata na wasa yau, sai mutum ya tuna gobe akwai kasuwa, ko akwai jarrabawa, ko kuma ana hadari. Ai zai dawo. Wa ya taɓa tunanin Shata zai ƙare?

A ƙarshen shekarun 1990 ciwo ya fara kwantar da shi, fitar sa ta ragu. Ranar Juma'a, 18 ga Yuni, 1999, Allah ya karɓi ran sa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Kano, aka kai shi Daura aka rufe, garin ubangidan sa Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar. A ranar ne masu cewa sai wani jiƙon su ka gane ƙofa ta rufe. Abin lura kuma, a daidai wannan tsakani ne fim ɗin 'Sangaya' ya fito, kiɗan fiyano ya mamaye kasuwa. Wato ana rufe wani babi, ana buɗe wani.

Abin da kaset bai ɗauka ba

Matasa kan yi gardama a nan. Su ce to mene ne abin takaici, tunda ga waƙoƙin nan fal a waya, a YouTube, a wajen masu tura waƙa a memori? Amsar ta na cikin yadda Shata da takwarorin sa ke gudanar da wasan su.

Shata ba ya rubuta waƙa, ba ya zuwa da takarda. Zai tsaya a tsakiyar fage, makaɗan kalangu da 'yan amshi na bayan sa, maroƙa da sanƙirori na kai-komo su na sanar da wanda ya shigo da wanda ya yi kyauta. A nan take ake gina waƙar. Amshi dai sananne ne, amma ɗiyan waƙar na canzawa gwargwadon waɗanda ke wurin. Wani alhaji ya shigo a makare, sai kawai ya ji sunan sa da na mahaifin sa da na garin su sun faɗo cikin waƙa. Wani ya yi alƙawari bai cika ba, sai habaici ya bi ta kan sa, jama'a su kwashe da dariya don sun san da wa ake. In liƙi ya yi zafi, waƙar da aka sani ta minti goma sai ta kai rabin awa. In fage ya yi sanyi, ya yanke ta ya kama wata.

Shi ya sa 'Bakandamiya', waƙar da ya ke wasa kan sa a ciki, ta ke da kala-kala a hannun masu tara kaset, kowacce da abin da ya bambanta ta da 'yar'uwar ta. Masana ma sun daɗe da lura da haka. Tun a 1975 Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirin sa na dakta a Jami'ar Indiyana ta Amurka a kan Shata da yadda mawaƙin baka ke aikin sa. A 2006 kuma Ibrahim Sheme da abokan aikin sa su ka fitar da littafin tarihin sa, 'Shata Ikon Allah!' Duk wanda ya bi rayuwar mawaƙin zai ga cewa abin da aka ɗauka a na'ura ɗan kaɗan ne cikin abin da ya rera.

Dalili kuwa a fili ya ke. Faifan garmaho 'yan mintoci ya ke ɗauka a kowane gefe. Kaset kuma yawanci minti 60 ne ko 90, alhali wasa na iya farawa bayan Isha'i ya kai tsakar dare ko ya wuce. Na gidan rediyo da talabijin, irin waɗanda Rediyon Kaduna da NTA su ka ɗauka, a ɗaki aka yi su, ba taron jama'a, ba liƙi, ba guɗa. Ga kuma maganar kalangu, wanda ke faɗin kirarin mutum ba da baki ba, masu ji su ji, mai kirarin ya zabura ya miƙe. Waɗanda su ka tsaya kusa da makaɗan kan ce a ƙirji ake jin kiɗan kafin kunne. Lasifikar waya ba ta da inda za ta zuba wannan.

Kenan wanda wasan dare ɗaya ya wuce shi, waƙar wannan daren ta wuce shi har abada, ko da kuwa ya na da buhun kaset a ɗaki.

Barmani, Wayam da Ɗanmaraya

Ba maza kaɗai ke wannan cizon yatsa ba. A cikin gidaje, in hira ta biyo ta kan waƙa, sunan da mata ke kira shi ne na Hajiya Sa'adatu Barmani Choge, ita ma mutuniyar Funtuwa. Kiɗan amada na mata ne tun asali. Ana kifa ƙwarya a cikin ruwa ana bugawa, a tsakar gida ko a farfajiyar da aka killace, maza na waje. A nan mace ke sakewa ta taka rawa, ta yi liƙi, ta ji an wasa ta a gaban dangin miji. Barmani ta shahara wajen zuga mata su kama sana'a su daina zaman jira, ga kuma habaicin kishiya da ta iya kamar me, wanda kan sa fage ya kaure da shewa.

Matar da wasan Barmani ya wuce ta, sau da yawa ba ita ta zaɓa ba. Ko ta na jego, ko maigida ya ce ba inda za ta, ko uwar miji ta ɗaure fuska, ko kuma ba ta da ankon da za ta shiga cikin tsara. Sai 'yan'uwa su dawo su yi ta ba ta labari har sati. Barmani ta rasu a Funtuwa a watan Maris 2013. Akwai masu amada har yanzu, amma bikin mata na yau ya fi karkata ga di-je da lasifika, kuma ƙwarya ta fara zama abin kallo a ranar al'adu.

Na Alhaji Hassan Wayam kuwa ya fi ciwo ga Zazzagawa, don shi a cikin garin su ya zauna. Asalin sa mutumin ƙasar Zamfara ne, amma a Zariya ya yi shekaru masu yawa, a nan kuma ya rasu a 2020, shekarar da aka yi rashin Mai Martaba Sarkin Zazzau Alhaji Shehu Idris. A zamanin da kukuma ke tashe, Wayam na sahun gaba tare da irin su Garba Sufa da Ahmadu Doka, kuma samari da 'yanmata na wancan lokaci sun sha rawa da kiɗan sa. Da fiyano ya zo, kasuwar kukuma ta ja baya. Matasa da yawa a Tudun Wada da Gyallesu sun girma ba su taɓa neman inda ya ke wasa ba. Sai bayan rasuwar sa, da aka shiga yaɗa tsofaffin hotunan bidiyon sa a waya, wasu su ka riƙa tambaya wai ashe mutumin nan a Zariya ya ke? Hausawa sun ce ido ba ya ganin abin da ke kan gira.

Sai Dakta Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda shi kaɗai ya ke tsayawa, ba 'yan amshi, daga shi sai kuntigin sa, ɗan ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ake haɗawa da gwangwani da fata. Waɗanda su ka gan shi kan yi mamakin yadda abu ɗan mitsitsi haka ke cika babban zaure. Ya yi wa talaka waƙa, irin su karen mota, kuma in ya na kwaikwayon rigimar miji da mata, sai ya riƙa sauya murya da fuska, ya zama mijin ya zama matar. Muryar ta na cikin kaset. Fuskar da motsin kafaɗar kuwa sai wanda ya je. Ya rasu a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015.

In aka matsa baya, jerin na da tsawo. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, gwanin kotso, ya rasu a 1991. Irin su Narambaɗa kuwa, yau da wuya a sami wanda zai ce ya gan shi a majalisar Gyallesu.

Zamanin gala

Su kuma waɗanda su ka yi samartaka da 'yanmatanci a shekarun 2000, nasu da-na-sanin daban ne. Su gala ce ta wuce su.

Ga wanda bai riski lokacin ba, gala wasa ne da 'yan fim ke shiryawa, musamman da Sallah ƙarama da babba. Tun ana saura kwanaki za a manna fosta a bango da jikin shaguna, motar shela na zagaya unguwanni da lasifika ta na kiran sunayen jarumai. Ranar wasa 'yan wasa za su iso a bas daga Kano ko Kaduna, a yi a filin wasa, ko gidan silima, ko zauren otal. Za a saka waƙar fim, jarumi da jaruma su hau dandamali su hau waƙar, su na motsa baki su na rawa kamar yadda su ka yi a fim. Tsakani kuma 'yan barkwanci su fito su ba da dariya.

A gaskiya gala ba ta yi kama da fagen Shata ba. Waƙar a sutudiyo aka gama ta, kuma yadda ta ke a kaset haka za a ji ta, ba ƙari ba ragi. Sau da yawa ma masu ainihin muryoyin, irin su Misbahu M. Ahmad, Rabi Mustapha, Mudassir Ƙasim, Sadi Sidi Sharifai, Maryam A. Baba da Fati Nijar, 'yan kallo ba su san fuskokin su ba a farkon lamari, jaruman da ke hawa waƙoƙin aka sani. Ga cunkoso a ƙofa, ga 'yan sane, wani lokaci kuma a sa hoton jarumi a fosta a ƙare wasa bai zo ba. Duk da haka jama'a na tururuwa, domin a lokacin babu Facebook, babu Instagram, babu TikTok. Hanya ɗaya da za ka tabbatar Ali Nuhu ko Sani Danja mutum ne mai jini da tsoka kamar ka ita ce ka biya kuɗin ƙofa ka gan shi.

Yaran Gyallesu da yawa ba su samu wannan dama ba, don a gidaje da dama ko ambaton gala laifi ne. Yarinya ta ce za ta, a ce ba tarbiyya. Yaro ya tara kuɗin yawon Sallah, yayan sa ya tsare shi a ƙofar gida. Sai su haƙura da cewa in sun girma sun mallaki kan su za su je. Kafin su girma abubuwa sun canza.

Babban abin da ya girgiza su shi ne rasuwar Ahmed S. Nuhu. Ranar 1 ga Janairu, 2007, ana cikin hidimar babbar Sallah, jarumin ya yi haɗarin mota a Azare ta Jihar Bauchi a kan hanyar sa ta zuwa Maiduguri wajen wasan Sallah, Allah ya yi masa cikawa. Ya na kan ganiyar sa, matashi, finafinan sa na ci a kasuwa. Masoyan sa na Maiduguri sun shirya ganin sa, sai labarin rasuwa ya iso masu. Na sauran garuruwa da su ka ɗaga zuwa kallon sa sai baɗi, su ma shi kenan.

A cikin wannan shekarar dai, a watan Agusta, abin kunyar nan na bidiyon waya ya tashi hankalin industiri. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, a ƙarƙashin Malam Abubakar Rabo Abdulkarim, ta dakatar da ɗaukar fim na wata shida, ta kuma tsaurara dokoki. An ɗaure Adam A. Zango a kan kundin waƙoƙin sa na 'Bahaushiya', 'yan fim da dama su ka koma Kaduna da aiki. Gala ba ta mutu ba, amma ba ta sake komawa yadda ta ke a farkon shekarun 2000 ba. Sannan ranar 10 ga Disamba, 2014, aka rasa Rabilu Musa Ibro, wanda fitowar sa kawai kan dandamali kan sa fili ya rikice tun kafin ya buɗe baki. Yau yaran da aka hana zuwa gala sun zama iyaye, wasun su na dab da shekara arba'in, kuma in an sako tsohuwar waƙar fim a gidan biki su ne kan gaba wajen tashi.

Ba a nan kaɗai ba

Wannan ciwo bai tsaya ga mawaƙan gida ba. Tsofaffin 'yan boko a Zariya kan tuna bikin FESTAC na 1977, wanda aka yi a Legas daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu, inda irin su Miriam Makeba da Stevie Wonder su ka yi wasa. Legas ta yi nisa, to amma gagarumin hawan daba na bikin a Kaduna aka yi shi, inda sarakunan Arewa su ka fito da dawakan su da makaɗan su. Wanda ke ɗalibi a Kongo ko Samaru a lokacin bai hau mota ya je ba, har gobe ya na jin haushin kan sa, don ba a sake tara irin wannan taro ba.

Daga Nijar kuma akwai Sa'adu Bori na Maraɗi, wanda kaset ɗin sa ya zagaye Arewacin Nijeriya a shekarun 1990, har ba a cika bikin da ba a saka shi ba. Haɗarin mota ya yi ajalin sa a 2008, masoyan sa da yawa a wannan ɓangaren iyaka ba su taɓa ganin sa ido da ido ba.

Turawa ma ba su tsira ba. A 2009 Michael Jackson ya shirya wasanni 50 a zauren O2 da ke Landan, aka sayar da tikiti kaf, za a fara a watan Yuli. Ranar 25 ga Yuni ya mutu. Da aka ce a zo a karɓi kuɗi, wasu masoyan sa sun gwammace a bar masu tikitin su ajiye don tunawa. Bambancin su da mutumin Gyallesu shi ne su sun yi niyya har sun biya, ƙaddara ta hana. Shi kuwa nasa ko tikitin babu.

Ba kowa ke nadama ba

Adalci shi ne a faɗi ɗaya ɓangaren. A cikin majalisun nan akwai dattawan da za su gaya maka da gangan su ka ƙi zuwa, kuma ko yau aka dawo da lokacin ba za su ba. Zariya garin ilimi ne da malamai, kuma da yawa daga wasannin wancan zamani a kulob da otal ake yin su, wuraren da ake shaye-shaye da cakuɗuwar maza da mata. Ɗan mutunci, a ganin su, ba ya kai kan sa can. Wannan ra'ayi ya ƙara ƙarfi daga shekarar 2000, lokacin da jihohin Arewa da dama su ka ƙaddamar da shari'ar Musulunci, wuraren kiɗa su ka ragu.

Ana girmama wannan matsayi, kuma ba wanda ke jayayya da shi a majalisa. Sai dai abokan wasa ba sa barin ta kwana. Za ka ji an ce, "To Alhaji, wannan da ke tashi a motar ka kullum fa, wa'azi ne?" Sai a yi dariya, Alhaji ya ce ai hikimar ya ke saurare. A nan ne ma ake gane cewa har wanda ya guje wa fagen bai guje wa waƙar ba.

Sauran dalilan kuwa na rayuwa ne. Rashin kuɗin shiga, aikin dare, jarrabawa, rashin abin hawa da zai dawo da mutum gida ƙarfe biyun dare. Amma in aka matsa wa mutum da tambaya, yawanci a ƙarshe zai amsa cewa ganin mawaƙin na nan da rai ne ya sa shi sakaci.

Yau fa?

Yanzu harkar ta sake salo. Matsalar tsaro ta sa tafiyar dare a hanyoyin da ke kewaye da Zariya, har da ta Funtuwa, ta zama abin tsoro, don haka bin mawaƙi gari-gari irin na da ya ragu ƙwarai. Bukukuwan masu hali sun koma manyan zaurukan taro, sai da kati ake shiga, saɓanin da, da ake kafa fage a ƙofar gida kowa ya zo ya kalla. Mawaƙan zamani irin su Aminu Ala, Naziru Sarkin Waƙa, Ali Jita, Nura M. Inuwa, Umar M. Shareef da Hamisu Breaker na da ɗimbin masoya, kuma duk inda su ka yi wasa kafin gari ya waye bidiyon ya shigo waya. Wannan ya sa matashin yau ke ganin ba abin da zai wuce shi. Har wanda ya je wurin ma, sau da yawa ta gilashin wayar sa ya ke kallo, hannu a sama tun farko har ƙarshe.

Amma ajali bai canza ba. A watan Disamba 2024 aka wayi gari da labarin rasuwar mawaƙi El-Mu'az Birniwa a Kaduna, bayan ya yanke jiki ya faɗi a wajen wasan ƙwallo, da ƙuruciyar sa. Masoyan sa su ka shiga faɗin irin maganar da iyayen su su ka faɗa a 1999.

Akwai abu biyu da ke hannun masu karatu. Na farko, da yawa daga mawaƙan finafinan farko na nan da ran su, haka ma 'ya'ya da jikokin manyan makaɗa da su ka gaji kalangu da kotso, ga masu amada da masu kukuma da gurmi a ƙauyukan Zazzau da ba wanda ke ɗaukar su a kyamara. Wanda ya ji za su yi wasa a wuri na mutunci, da rana, kusa da shi, ya daure ya je, ya kuma ɗauki ɗan sa.

Na biyu, a gidaje da yawa a Gyallesu da Tudun Wada da cikin birni akwai tsofaffin kaset na rediyo da na bidiyo a ƙarƙashin gado ko cikin adaka, waɗanda aka ɗauka a bikin Baba ko na Yaya a shekarun 1980 da 1990. A cikin wasun su akwai wasan da babu kwafen sa a ko'ina a duniya, da sunayen 'yan unguwa a bakin mawaƙi. Zafi da danshi da fumfuna na cin su a hankali, na'urorin kunna su ma na ƙarewa. Kafin a zubar da su a shara ranar gyaran ɗaki, ya kamata a kai wa masu juya su zuwa kwamfuta, a ajiye wa iyali, a kuma ba masu nazarin Hausa a jami'a kwafe, tunda ga ta nan a maƙwabta. Ta haka wanda bai je ba zai ɗan rage zafi, jikan sa kuma ya ji yadda aka kira sunan kakan sa a fage.

Allah ya jiƙan Shata, da Ɗanƙwairo, da Barmani, da Ɗanmaraya, da Wayam, da Ahmed, da Ibro, da sauran waɗanda su ka riga mu gidan gaskiya. Ya sa mu cika da imani, amin.